Firjin Karafan da Idanun Haruna

Mota ɗaya ce ta rage mini a filin da nake sayar da motoci, mai saye ɗaya ne bai janye ba, kuma sanyi sau ɗaya yake zuwa a shekara. A kan waɗannan ukun zaman mutum guda ya rataya, Haruna ƙanin matata, wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Riyad, ke cewa direban gida ne, alhali wani ne can ya sayar masa da bizar, bai taɓa tuƙa kowa ba. In motar ta fita, ribarta za ta isa a mai da kafalarsa, wato ɗaukar nauyin zamansa, hannun kafilina, ɗan ƙasar da nake aiki da sunansa, ya zama ma'aikacin filinmu a rubuce. In ba ta fita ba, duk ranar da aka tare shi a hanya da jakar aiki, sai jirgin Kano. Abin da ya tsaya tsakaninmu da cinikin nan firji ne, yana sanyi da gas, ya ƙi yi da lantarki.

Ina rubuta wannan ne saboda samarin da ke zuwa wurina yanzu da waya a hannu, suna cewa sun kalli yadda ake gyaran a bidiyo, kwance ƙusa huɗu ne kawai. Ƙusa huɗun gaskiya ne. Amma ku karanta zuwa ƙarshe tukuna.

Sana'ata saye da sayar da karafan ce, wato motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, wadda mutanen Riyad ke fita da ita sahara in zafi ya sauka. Ban gaji sana'ar ba. Wankin mota na fara a unguwar Manfuha, da bokiti da tsumma, daga nan na shiga garejin wani dattijo a unguwar masu gyara, Ammu Idirisu, wato Baffa Idirisu da Larabci, Bahaushen Sudan da kakanninsa suka tsaya a hanyar Makka ba su ƙarasa ba. Hausarsa irin ta da ce, in ya yi magana sai ka ga kamar kakanka ne ya tashi daga kabari yana riƙe da sifana. A hankali na fara sayen tsoffin karafan a kasuwar gwanjo da rani, lokacin da ba mai kallonsu, in gyara, in sayar da su in sanyi ya shigo. Rajistar fili da sunan kafilina take, kamar ta kowa. Shi yana karɓar nasa a wata, ni ina da sauran, da asarar duka.

Firjin farko da Ammu Idirisu ya sa ni a gabansa, na buɗe bayansa ina neman inji, ban gani ba. Bututu ne baƙaƙe sun lanƙwashe kamar hanji, da 'yar wuta shuɗiya tana ci a ƙasa. Na ce, "Ammu, an sace injin."

Ya ce, "Kai aka sace wa kai. Wannan ba shi da inji. Zafi yake ci, ya haifi sanyi."

Haka abin yake. A cikin bututun akwai amoniya da ruwa da wata iska, an rufe su tun daga masana'anta da ƙarfin matsi. In aka gasa gindin bututun, sai su kewaya su janye zafin cikin firjin. Gashin nan ko dai harshen gas ya yi shi, ko wani ɗan sandan ƙarfe da muke kira hita, irin na cikin dutsen guga, ya yi shi da lantarki. Don haka in firji yana sanyi da gas, jikinsa lafiya lau ne, ciwon yana kan hanyar wuta. Kuma ba ya gaggawa. Ka gyara da safe, ba za ka san ko ka yi daidai ba sai yamma ta yi, wani lokacin sai gobe. Mai zafin nama ba ya daɗewa a wannan aiki.

Kayan aikin ba su da yawa. Mita ta auna wuta, fitilar hannu, ɗan madubi na leƙa bayan bututu, da mizanin magina don a tabbatar motar a daidaice take, domin firjin nan in ya yi aiki a karkace, mutuwa yake a hankali. Sai hanci. Ammu kan ce in ka buɗe murfin waje ka ji wari irin na tsohon fitsari mai yanka maƙogwaro, ko ka ga gari ruwan ɗorawa a jikin bututu, ka kashe komai ka ja da baya, kada ka tsaya gaisuwa. Ya hana ni riƙe testa, sukurdirebar nan mai 'yar fitila da masu wayarin na gida ke saƙalawa a aljihu. Ya ce testa tana gaya maka akwai wuta, ba ta gaya maka nawa ce ba. A Riyad kuwa wannan tambayar ita ce rai, domin a shekarun nan gida ɗaya kan haɗa wuta iri biyu, ɗari da goma da metan da ashirin, kuma ramin soket ɗinsu iri ɗaya ne.

Motar da nake magana a kanta ƙirar Amurka ce, tsohuwa, doguwa kamar bas. Na same ta a gwanjo cikin tsakiyar zafi. Dillalin ya ja waya ya jona, ya buɗe firji ya ɗauko mini ruwa mai sanyi, ya ce, "Sha, ya Muhammad, ka ga da lantarki ma ƙanƙara yake." Duk baƙo Muhammad ne a bakinsu. Na sha ruwan, na zagaya ta waje, na kara kunne a murfin bayan firjin, na ji huci ƙasa-ƙasa. Irin waɗannan firji in wutar lantarki ba ta iso su ba, da kansu suke komawa gas, ba sa gaya wa kowa. Na miƙa hannu na rufe tukunyar gas ɗin a gabansa, muka tsaya muna kallon 'yar fitilar gargaɗi tana kamawa. Bai ji kunya ba, ni ma ban sa ran zai ji ba. Ya sauko da farashi, na biya. A lissafina ciniki ne mai kyau: jiki lafiya, ciwo ƙarami. Mai ita na da ya lulluɓe cikinta da katako mai sheƙi tun daga ƙofa har banɗaki, ya mai da ita majalisi, ɗakin zaman baƙi, irin abin da masu saye ke so.

Sai shekarar ta juya. A ƙarshen 2013 aka matsa bincike a kan duk mai aiki ba wurin kafilinsa ba, ko ba aikin da ke jikin iƙamarsa ba. Garejoji suka rufe ƙofa, masu fenti da masu walda da nake kira suka ɓace, wasu sun tafi, wasu sun shige ɗaki. Motoci biyu da na yi niyyar gyarawa na sayar da su yadda suke, da faɗuwa. Manfuha ta zama wurin da mutum ke leƙa titi kafin ya fita sayen burodi. Na kwaso Haruna daga ɗakin da suke su shida, na ajiye shi a filin, yana kwana a cikin karafan ɗin.

Haruna ba yaro ba ne, ya haura arba'in, 'ya'yansa biyar a Ɗorayi. Shekara ashirin yana wayarin a Kano, kuma gwani ne, hannunsa yana da tsabta. Ina kiransa Injiniya, shi kuma yana kirana Yaya, in yana son ya tsokane ni ya ce mijin Hajiya. Amma wutar da ya girma a cikinta raunanniya ce. Duk rayuwarsa faɗa yake da wutar da ba ta iya juya fanka, yana ɗauko layi daga can, yana tsallake wannan, yana ɗaure fis da silin waya don kada mai gida ya kwana a duhu. A wurinsa wuta mai ƙarfi arziki ce, kuma fis ɗin da ya ƙone cikas ne kawai.

Mai sayen wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, Abu Nayif. Yana da 'yar gona a wajen gari, yana son ya kafa motar a can saboda jikokinsa. Ya ga katakon ya yaba, ya zauna a kujera ya miƙe ƙafa. Sharaɗinsa ɗaya ne.

Ya ce, "Gas a sahara, na yarda. Amma a gona yara za su kwana a ciki, ba na son wuta tana ci a bayan kansu. Ya yi sanyi da lantarki, in sa hannuna in ji, sai mu je a canza suna."

Na ce, "In sha Allahu, ya Ammi. Abu ne mai sauƙi."

Muka fara aikin yadda aka koya mini, daga mai arha zuwa mai tsada. Filinmu a lokacin an riga an mai da shi metan da ashirin gaba ɗaya, don haka motar tana shan wuta ta cikin taransifoma da na saya, mai sauko da ita ɗari da goma. Muka daidaita motar da katakai a ƙarƙashin taya har ɗigon mizani ya tsaya a tsakiya. Na buɗe murfin waje, na shaƙa, babu wari. Babu garin ɗorawa, sai dai tsatsa ta ci gindin bututun, wurin da ake gasawa. Na nuna wa Haruna da madubi, na ce, "Tsoho ne, a bi shi a hankali." Na zare ɗan fis na gilashi da ke jikin allon firjin, na auna, lafiya. Na cire wayoyin hita na auna, lafiya. Haruna yana tsaye a kaina da testarsa a bayan kunne.

Ya ce, "Yaya, kai da likitan haƙori ba ku da bambanci. Komai sai ka ƙwanƙwasa."

Na ce, "Shi ya sa har yanzu haƙorana suke bakina."

Na sa mita a soket ɗin da firjin ke jone a bayansa, babu komai. Na je akwatin wutar motar, makunnai duk a tsaye, wuta tana fita. Ke nan tsakanin akwatin da soket ɗin take ɓacewa, a cikin bango. Don in tabbatar, na ja doguwar waya daga taransifoma kai tsaye zuwa firjin, muka jira, bututun ya ɗauki ɗumi, kafin magariba cikinsa ya yi sanyi. Firjin ba shi da laifi ko kaɗan.

Na san motocin Amurka suna da wani soket mai ɗan maɓalli a tsakiya, wanda in ya ji danshi yake yanke wuta daga kansa da duk na bayansa, sai an danna ya dawo. Na duba kicin, na duba banɗaki, na duba akwatunan waje, ban ga ko ɗaya ba. Na ɗauka mai katako ya cire shi. Abin da ya rage shi ne a ɓamɓare katakon nan ɗaya bayan ɗaya a bi wayar, ba tare da an fasa ba, tunda katakon ne rabin abin da Abu Nayif yake saye.

Haruna ya ce, "Wai duk wannan na mene ne? Mu ja sabuwar waya ta ƙarƙashin mota, mu manta da tsohuwar. Aikin rabin yini."

Na ce, "Tsohuwar fa? Ka san abin da ya kashe ta? In ɓera ne ya ci, ko haɗi ne ya ƙone, tana nan a cikin bango da wuta a bakinta, ga katako, ga jikokin mutum."

"A Kano gida nawa na yi wa haka, ba wanda ya ƙone."

"A Kano bangon siminti ne, Injiniya. Wannan kwali ne da taya."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Yaya, kai iƙamarka tana aljihunka. Ni ko masallacin Juma'a ba na iya zuwa."

Gaskiya ya faɗa.

Muna cikin ɓamɓarar katakon kicin Abu Nayif ya biyo. Ya ga motar a kwance-kwance, fuskarsa ta canza. Ya ce sanyi yana wucewa, 'ya'yansa sun nuna masa wata motar a hanyar garin Harju, gobe bayan la'asar zai zo ya sa hannu a firjin, in babu sanyi kowa ya kama gabansa. A gaban Haruna ya faɗa, kuma Larabcin Haruna ya kai ya gane wannan.

Ni na san aikin ba zai ƙare gobe ba. Amma na san masu saye. Wanda ka je gonarsa ka yi masa aiki kyauta, ka sha gahawarsa, ba ya saurin zuwa wurin wani. Da safe na ɗora taransifomar a bayan ƙaramar motata, da niyyar in kafa masa ita a gonar, tunda motar za ta buƙace ta a can, in auna wutarsa, in nemi ƙarin kwanaki. Kafin in fita na ce wa Haruna, "Ka ci gaba da katakon banɗaki. Babu ɗari da goma a filin nan sai na dawo, kada ka jona komai."

Ya ce, "To, mijin Hajiya. A gai da dabino."

Dabarar ta ci. Na kafa taransifomar, na gyara masa wani famfo da ke yoyo, muka zauna a inuwa. Ya ce, "Kai mutumin kirki ne, ya Muhammad. Ka ɗauki mako, ba komai." Na kira Haruna in gaya masa, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce ko yana cikin banɗaki da guduma.

Da na buɗe ƙofar filin bayan azahar, warin ne ya fara tare ni, har idona ya kawo ruwa. Ga doguwar waya ta taso daga soket ɗin katanga ta bi ƙarƙashin mota. Murfin bayan firjin yana ƙasa, jikin motar ya yi feshin ruwan ɗorawa. Na fizge wayar daga bango. Haruna yana zaune a gindin katanga ta can nesa, ya dafe fuskarsa da jiƙaƙƙen tsumma, yana tari.

Na ce, "Haruna!"

Ya ce, "Yaya, kai ne? Rufe ƙofar, kada a gani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin kiran salla."

"Ba ka kira kowa ba? Ga masu garejin can, ga Bangalin nan mai shago!"

"In kira su su kira wa? Su zo su ce ina iƙama?"

Na janye tsumman. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Na ja shi zuwa famfo, na kwantar da kansa, na buɗe idanun da yatsuna na sakar musu ruwa, yana ihu yana riƙe hannuna. Abin da ya kamata a yi ke nan tun a minti na farko, a yi ta yi ba tsayawa. Shi kuwa ya ɗan wanke, zafin ya hana shi buɗewa, ya laluba ya zauna yana jirana. Wayarsa tana cikin motar, warin ya hana shi komawa.

A hanyar asibiti ya ba ni labari, a gutsure. Ya ce bai yarda dattijon zai ƙara mana lokaci ba. Ya yi tunanin ya ɓoye waya ta ƙasa, firjin ya yi sanyi kafin la'asar, a yi ciniki, daga baya mu bi bangon a nutse. Ya san babu taransifoma, amma ya ce hita ai ƙarfe ne, ƙarfe bai san Amurka ba, in wutar ta fi ƙarfi ma zai fi saurin sanyi. Ya sa testa a soket, ta kama. Ya jona, ba a jima ba fis ya ƙone. Fis ɗin nan ya yi abin da aka yi shi dominsa, ya mutu don ya tsayar da shi. Sai ya zare silin jan ƙarfe daga cikin waya ya ɗaure gurbin, kamar yadda ya yi sau dubu a gida. Bututun ya yi zafi nan da nan, ya ji daɗi. Da ya ji yana wata ƙara, sai ya durƙusa ya cusa fuska a ramin da fitila don ya gani.

Ku da ke kallon bidiyo, ku riƙe wannan: in ka ninka wa hita wuta, zafinta ba ninki biyu yake yi ba, kusan huɗu yake. Tsohon bututu mai tsatsa, da matsi a cikinsa, ba ya ɗaukar haka.

A asibitin da ke Shumaisi aka karɓe shi ba gardama, suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Wata nas 'yar Zariya ce ta fito ta same ni a baranda. Ta ce, "Alhaji, kai ne ɗan'uwansa?" Na ce ni ne. Ta ce, "Na dama ya tafi. Na hagu za a ga abin da Allah zai yi. Da an daɗe ana zuba ruwa tun farko..." Ba ta ƙarasa ba, ta koma ciki.

Sauran ya bi hanyarsa. Rauni irin wannan sai an rubuta inda ya faru da yadda ya faru. Direban gida da amoniya a ido, a filin wani kafili daban, ba ya buƙatar dogon bayani. Mai bizarsa, wanda bai taɓa ganinsa ba sai ranar karɓar kuɗi, ya ce bai san inda yake ba. Kafilina ya biya tara, ya cire daga wurina, ya kuma ce ba zai karɓi kafalar makaho ba, ko da an yarda. Da aka sallami Haruna aka buga masa hatimin fita ta ƙarshe daga ƙasar. Na kira matata, yayarsa, a gida na gaya mata da bakina, ta yi salati, sannan ta tambaya wa zai tarye shi a filin jirgi.

Ranar tafiyarsa na riƙe masa jaka har inda aka tsayar da ni. Yana sanye da baƙin tabarau, idon hagu yana ganin haske da inuwar mutum. Ya laluba aljihu ya ciro testar ya miƙo mini.

Ya ce, "Riƙe, Yaya. Ko ta kama ba zan gani ba."

Na ce, "Allah ya sa kaffara ce, Injiniya."

Ya ce, "Amin. Ka dai gano wayar nan. Ina son in san abin da ya kashe ta."

Abu Nayif ya zo ya yi mini jaje, mutumin kirki ne, amma ya sayi ta hanyar Harju. Ya dawo mini da taransifomar. Irin wannan firji in bututunsa ya fashe ba ya gyaruwa a nan, sai a zubar. Na fitar da shi, na bar motar a buɗe iska ta kwashe warin, sanyi kuwa ya wuce.

Na koma kan bangon ni kaɗai, don na yi alkawari. Na ɗauko daga inda Haruna ya tsaya, katakon banɗaki, ya riga ya sassauta uku, saura na kusa da wurin wanke hannu. Na sa ƙarfe na ɗaga shi. A bayansa ga soket, fari, an manna masa leda an bi da gam, da ɗan maɓalli a tsakiyarsa ya turo kai waje. Nan na gane abin da ya faru. Banɗakin karafan na Amurka ba a yi shi don alwala ba. Mai ita na da ya ƙara tiyon tsarki, iyalinsa suna alwala sau biyar a ɗan wurin da bai fi tabarma ba, ruwa yana fantsama, soket ɗin yana yanke wuta. Da ya gaji, sai ya sa kafinta ya rufe shi da katako don ruwa ya daina taɓa shi. An rufe shi a yanke, firjin ya koma gas shiru, ba wanda ya lura.

Na jona taransifoma, na sa babban yatsa na danna maɓallin, ya ce ƙas. Na zagaya waje na sa mita a soket ɗin bayan firji, a cikin ramin da babu kowa yanzu. Wuta ta zo, daidai yadda ake so.

Na kira Haruna a Kano na gaya masa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Katako na nawa?"

Na ce, "Na huɗu."

Ya ce, "Uku na cire."

Na ce, "Na gani."

Motar ta zauna har rani, na sayar da ita ga wani mai raƙuma da ke neman wurin kwanan makiyayinsa, da ramin firjin a toshe da kwali, a ƙasa da abin da na saye ta. Ribar shekarar ta tafi, da ta shekarar da ta gabace ta. Ni na farfaɗo, sana'a takan faɗi ta tashi, yau motoci shida ne a filina. Haruna yana zaune a ƙofar wani ɗan shago a Ɗorayi, babbar 'yarsa ce ke miƙa wa mutane ƙwan fitila da soket, shi yana gaya mata wanne. Idon dama babu, na hagu rabi, iƙama babu, sana'ar shekara ashirin babu. Gyaran da ya ci wannan duka bai buƙaci sayen ko ƙusa ɗaya ba, kuma yana bayan katakon da hannunsa zai kai na gaba.